Injiniya da Famfon Zuciya

Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa shiga ajin da ake koyar da hakan ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran injin ruwa a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai walda da mai sayar da fenti. Yana da doka guda: ba ya haɗa wa kowa injin da bai saurari kukansa ba. Zai ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin injin, ya manna mariƙinta a kunne, ya rufe ido. In ya buɗe ido ya ce "mayar musu," to ko sabo ne fil a kwali, sai an mayar.

Ciwon ya fara ne daga takalmi, ya ga sun matse shi. Daga nan matakala uku na ƙofar shagon suka zama aiki. Matashin kai ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama uku, har ya koma barci a zaune. Likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, ba ta tura jini yadda ya kamata. Aka ba shi magani, aka ƙara, aka canza, har sai da matarsa ta ware wa ƙwayoyin jaka tasu. Shekara biyu ana haka, ƙafafun suna kumbura abinsu.

Ranar da likita ya ce magani ya kai iyakarsa, Injiniya na zaune tsakanin matarsa da babbar 'yarsa.

"Baba, abu uku ake dubawa," in ji likitan. "Akwai ƙaramar na'ura da ke daidaita bugun zuciya, amma ba a nan matsalarka take ba. Akwai dashen zuciya, shi kuma shekarunka sun wuce. Saura famfo. Ana sa shi a ƙirji, ya taya zuciya tura jini. Waya za ta fito ta cikinka zuwa wani ɗan akwati da batir biyu."

Da jin famfo sai Injiniya ya gyara zama.

"Ta ina ake buɗe shi?"

"Ba a buɗe shi, Baba."

"Giris fa?"

"Ba ya shan giris."

"To ba injin kirki ba ne. Kuma ni ban ji kukansa ba." Ya ture takardar sa hannu da ɗan yatsa.

Likitan bai ɓoye masa komai ba. Ya ce tiyatar babba ce, tana da nata haɗarin, amma jira ma yana da nasa: in ƙoda ta gaji, ko ya yarda daga baya ba za a yi ba. Watanni ake magana, ba shekaru ba.

A hanyar gida matarsa ta ce, "Malam, dama an ce wanzami ba ya son jarfa. Rijiyar mutane nawa ka zura wa famfo?"

"Duk na saurare su tukuna."

Washegari 'yar ta koma asibitin ita kaɗai, ta samu nas ɗin da ke kula da masu famfo. Bayan mako guda aka kira su wani ɗaki mai benci biyu da ma'aunin nauyi a lungu. Wani tsohon direban bas na zaune, da jaka rataye a kafaɗa kamar mai shirin tafiya. Shekararsa biyu da famfo a ƙirji, kuma ya yarda a saurare shi.

Injiniya ya zaro sukundireba daga aljihu. Nas ta miƙe tsaye.

"Baba, ga abin sauraro na likita."

"'Yata, wannan roba ce. Roba tana ɓoye laifi."

Direban ya ɓalle maɓallan rigarsa. "Bar shi, 'yar nan. Ni da aka tsaga da wuƙa? Kai dai, Malam, kada ka ɗaure komai."

Injiniya ya naɗe bakin ƙarfen da hankici, ya ɗora a ƙirjin mutumin daga hagu, ya rufe ido. Abin da ya ji bai yi kama da bugu ba. Wani siririn kuka ne mai tafiya a miƙe, babu gargada. Ya jira ƙarar gurzawa, wadda kowane injin da ya shekara biyu yana aiki dare da rana yake da ita. Ya matsa gefe, ya sake jira, har numfashinsa ya fara gazawa saboda sunkuyo.

"Fankar da ke juyawa a ciki ba ta taɓa komai," ya ce da ya ɗago. "A kan me take zaune?"

"Maganaɗisu ne ke riƙe da ita a tsakiya," in ji nas.

Bai saba inji ya fi shi gaskiya ba.

Direban ya ba shi sauran labarin ba tare da an tambaye shi ba. Wanka sai da dabara. Wurin da wayar ta fito kullum cikin tsabta, in ba haka ba a kwana asibiti. Caji kuwa ya fi abinci muhimmanci. "Jikokina har gasa suke yi, wai neman bugun jini a hannuna. Babu wanda ya taɓa ci."

"In akwatin ya yi ƙara kana sume fa, wa zai canza batir?" Injiniya ya tambaya.

"Matata."

Nan fa ya juya ya kalli tasa matar. Nas ta ce ƙa'ida ce, ba a yi wa mutum aikin sai wani na gida ya iya. Ta ɗauko akwatin koyo da batura ta ajiye a benci, ta nuna sau ɗaya.

Matar ta gyara mayafi ta zauna. Ta cire batir guda, akwatin ya fara tsuwa.

"Ba haka ake riƙe..."

"Malam, kai a sume kake. Yi shiru."

Ya yi shiru. Ta daidaita jar alama da jar alama, ta tura har ya ce ƙas, tsuwar ta tsaya. Sannan ta ja wayar a hankali don ta tabbatar ta kama, abin da nas ba ta nuna mata ba.

"Sake," in ji shi.

Ta sake. Ya sa ta yi sau biyar, na ƙarshe da ido a rufe, saboda wuta tana iya ɗaukewa. Direban ya ce shi ko jarrabawar lasisi ba a wahalar da shi haka ba.

Injiniya ya juya wajen 'yarsa.

"Ke, ina takardar nan tasu?"

Tana cikin jakarta tun ranar da ya ture ta. Ya karɓi biro, ya gwada shi a bayan hannu, sannan ya sa hannu.