Ranar Da Yayana Ya Rabar Da Irin Cittarsa

Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da gama sakandare a Zonkwa ba, ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, ina ganin kaf danginmu babu mai kaina. Bakina ba linzami, haƙurina bai cika cokali ba. Yayana tsohon soja ne. Ya dawo daga yaƙi yana ɗingishi, ya koma garinmu Madakiya noman citta. Shekaru yana lallaɓawa, sai a shekarar da abin ya faru ya canza. Ya daina zuwa gayya, ya bar ƙungiyar mawaƙan coci, abinci sai an yi da gaske. Duk Asabar in na je gida zancensa ɗaya ne, wai ya gaji, wai shi kaya ne a kanmu. Ni kuwa sai in ce kowa ma ya gaji, ni da nake fama da 'ya'yan mutane a aji wa na kai wa ƙara? Har na taɓa ce masa in ya gama wasan kwaikwayon ya tashi ya ɗauki fartanya. Da bakin nan nawa na faɗa.

Ana saura kwana ɗaya a ci Jibin Ubangiji, wato cin gurasar tarayya a coci, sai ya wartsake. Ya yi aski, ya bi gida-gida yana neman gafara. Haka muke yi kafin Jibi, mai riƙe da wani a zuciya ya je su shirya, saboda haka kowa ya hau murna. Mama ta ce addu'arta ce ta karɓu. Da ya zo kaina ya kira ni 'yar boko kamar yadda ya saba tsokanata, ya miƙo mini rediyonsa, ya ce in yafe masa, in kula da Mama. Na ce ya rage wa'azi, ina da wanki. Rediyon kuwa na karɓe, ko kunya babu.

Gwaggonmu ce ta gane, matar da nake wa dariya in ta karya Hausa. Ashe irin cittarsa kaf ya kai mata. Da tsakar rana ta dire kwandon a gabanmu, ta tambaya ko duk makafi ne a gidan, yaushe muka ga manomi ya rabar da iri saura kwanaki ruwa ya sauka. Ta zaunar da shi, ta tambaye shi da yarenmu, ba kwana-kwana, ko kashe kansa yake shirin yi. Na daka mata tsawa, na ce wannan wace irin magana ce. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya fashe da kuka, ya ce har rana ya tsayar, Litinin bayan Jibi.

Abin haushi bai ƙare nan ba. Mama ta ce a rufe zancen kada a yi da mu a gari. Wani dattijon ikkilisiya ya ce ƙarancin bangaskiya ne, azumi ya isa. Gwaggo ta ce dattijon ya je ya yi azuminsa, Allah ya karɓa. Ta sa aka kawar da duk abin da yayana zai iya cutar da kansa da shi, ta raba mana zama da shi bi da bi, ta aika aka kira wani abokinsa da suka yi soja tare. Ni na kai shi asibiti wajen likita. Yana nan da ransa. Ba zan ce ya warke sarai ba, amma yanzu in abin ya taso yana faɗa.

Har yau in na tuna haushin kaina nake ji. Mutum ya yi wata da watanni yana gaya mini, ni ina gyara masa zama. Jama'a, in naku ya janye daga mutane, yana cewa ya zame muku kaya, sannan rana ɗaya ya washe yana rabon abin hannunsa yana sallama, kada ku yi saurin cewa mun gode Allah. Ku zauna ku tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta kisa. Kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi ga likita. Surutun gari kwana biyu ne, za ku iya da shi.