Ranar da na leƙa ruwan randarmu

Ba na manta ranar da ɗaliban jami'a daga Yamai suka sauka lakkol ɗin Tamaske, makarantar bokon garinmu, da madubinsu mai ƙara girman abu. Ina amarya lokacin, maigida yana ci-rani a Abijan, ni kuwa ba ni da aiki sai karatun 'yan littattafan soyayya.

Aka ce yaro da babba kowa ya kawo abin da yake so ya gani. Inna, uwar mijina, ta ce in ɗebo ruwan randarmu, na tabki.

Wata ɗaliba ta ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin, na kanga ido. Wayyo, gari guda! 'Yan halittu na ta iyo, wani na bin wata kamar saurayi da budurwa. Na ƙyalƙyale da dariya har na manta da kunyar suruka.

"Inna, taho ki ga biki!"

Ta leƙa, ta ja da baya. "La'ilaha! Ɗiyata, wanga taro munka sha tun da sahe?"

"Mai tsallen nan shi ke ɗauke da kurkunu," in ji ɗalibar. "Ku riƙa tacewa da ƙyalle mai matsattsiyar saƙa."

Inna ta dubi tabon kurkunun da ke ƙafarta. Ƙyalle irin wannan ɗaya ne a gidanmu, kallabin lefena, wanda nake ɓoyo don ranar da maigida zai dawo.

Mata, ku faɗa mini, da ku ne kun iya? Ni dai da la'asar na ɗaure shi a bakin randa.