Rigata Tana Wajen Tahir

A ƙauyenmu, nan kusa da Tsanyawa, in ka ji an ce mai riga, Tahir ake nufi. Ɗan goggona ne, ni kuma ɗan kawunsa, wato taubasai muke. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa, ya riga ya faɗi wanda ya fi shi a kaina.

Tare muka tashi, ruwan kududdufi ɗaya muka sha. Kurkunu ya dube mu mu biyu, ya zaɓi Tahir. Kowace damina, daidai lokacin da ake neman hannu a gona, sai ƙafarsa ta yi ƙurji, farin abin nan mai kama da zare ya leƙo. Mu a kora mu noma, shi a shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gida. Na yi masa hassada ba kaɗan ba. Har ɗingishi na taɓa gwadawa. Babana ya duba ƙafar sama da ƙasa, ya miƙo min fartanya.

Goggo Furera, mahaifiyarsa, ita ke jinyar. Takan naɗe kan kurkunun a tsinke, kullum ta murɗa kaɗan. In ta ji ya ƙi, sai ta ƙyale shi sai gobe. Wata damina ta tafi Kunci gaisuwar mutuwa, ta bar wa mijinta aikin. Mutum ne mai sauri. Ya ja, abin ya tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Aka kira wanzami ya yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi. Ina bayan danga a ranar, ban ga komai ba, amma na ji.

Ƙafar ta warke, sai dai idon sawun bai ƙara lanƙwasuwa ba. Tun daga nan Tahir bai sake yarda wani ya kusanto jikinsa da ƙarfe ba. Ko aski da kansa yake yi da almakashi, shi ya sa ba a cika ganinsa ba hula ba.

A gindin tsamiyar nan akwai wani tsoho, Baba Mala, wanda iyayensa suka zo daga Barno suka zauna. Ɗinkin babbar riga yake yi, na hannu. Da ya gaji da kallon da yaron ke yi masa, sai ya ba shi ƙyalle da allura. Allura kam Tahir ya karɓa, don a hannunsa take, ba a hannun wani ba.

Wanda bai ga Tahir yana ɗinki ba, da wuya in iya kwatanta masa. Yakan miƙe ƙafar nan da ta ƙi noma, ya maƙale zare a babban yatsanta yana murzawa. In ya soka allura sai ya karkata kai, ya jawo zaren a hankali kamar mai sauraren wani abu. In zaren ya yi gardama ba ya fisga, ajiye aikin yake yi. Ban taɓa ganin zare ya tsinke a hannunsa ba. 'Yan kasuwa daga Kano sukan juya rigarsa ciki da baya, su rasa ƙulli ko ɗaya, su tambaye shi wa ya koya masa. Sai ya ce Baba Mala. Ni dai na san hannun Goggo nake gani.

Ni kuwa lafiyar ƙafa ta kai ni gona ta dawo da ni, shekara da shekaru, kuma iyakar labarina ke nan. Na taɓa cewa ya koya min. Kafin la'asar na tsinke masa zare har ya gaji da ƙirgawa.

Ya ce, “Mumini, da kai ne mai jinyata, da yanzu da sanda biyu nake yawo.”

Da aka sa ranar auren 'yata Huseina, na sayo farar shadda na kai masa, na ce ina son aska takwas, zanen nan da ke gangarowa daga kafaɗa. Aka yi biki na sa tsohuwar rigata. Huseina ta haihu, aka yi suna. Ta sake haihuwa. Yanzu babban har ya shiga firamare.

“Tahir, ina rigata?”

“Tana gaishe ka.”

“So kake a yi min likkafani da ita?”

“Wa zai ba ƙasa aikina? Alawayyo ya ishe ka.”

Ba wai ya manta da ita ba ne. Da hantsi kaɗai yake taɓa ta, lokacin da haske ya fi kyau, in ya yi ɗan kaɗan ya naɗe. Ya ce ta gida ce, kullum zai riƙa ganinta a wuyana, ba zai jure ganin kuskure yana yawo a gari yana gaisa da mutane ba.

Bara ne matarsa Luba ta tare ni a zaure. Ta ce, “Yaya Mumini, ɗan'uwanka fa ba ya ganin kafar allura. Ni nake zura masa zare, ya hana ni faɗa.” Yanar ido ce ta rufe masa duka biyun. Masu zuwa daga Kano sun ja baya. Rigata kaɗai ta rage a hannunsa, da lalube yake ɗinka ta, kuma abin mamaki sai ga ta tana sauri. Na ji daɗin saurin, ba zan ɓoye ba.

Muka ji ana aikin yanar ido a wani asibiti a Kano. Na kai masa labari.

Ya ce, “Wuƙa a ido? Ƙafa ma da take can nesa da kai ban manta ba.”

Na yi lallashi, na kawo wa'azi, na ce ni zan zauna kusa da shi in riƙe masa hannu, mu manoma da ƙarfe muke wuni. Ya ƙi. Da dabara ta ƙare min sai na ce, “To ba ni rigata. Zan kai wa masu keke a birni su ƙarasa, wuni ɗaya sun gama.”

Ya yi ta shafa shaddar. Can ya ce, “Motar da safe take tashi?”

A asibiti, kafin a shiga da shi, wata nas ta zo za ta soki yatsansa ta gwada jini. Na riƙe masa ɗayan hannun kamar yadda na yi alkawari. Yatsan ya yi kanta, sai da ta soka ta sake sokawa. Na ga jinin ya tsatso. Abin da na gani ke nan. Na farka a kan benci, nas tana yi min fifita da kwali.

“Baba, wai kai ne mara lafiyar ko shi?”

Na tambayi inda Tahir yake. Aka ce ya shige tun ɗazu, da ƙafarsa, shi kaɗai.

Ido ɗaya aka yi masa, kuma Allah ya sa an dace. Da ya warware sosai, ya sa aka fito masa da rigar, ya baza ta a rana, ya daɗe yana kallo. Washegari na zo na tarar da zare tuli a gefensa, yana warware ɗinki daga ƙirji zuwa aljihu.

“Tahir! Me kake yi?”

“Wa ya ɗinka wannan?”

“Kai mana.”

“To, Allah ya yafe masa.”

“Ni ban ga aibunsa ba.”

“Na sani. Sai da na so a duba naka idon muna can, aka ce kana hutawa.”

Na zauna a bakin tabarma. Na tambaye shi ko wuyan rigar zai tsira, don tun idonsa na lafiya ya yi shi. Ya ce ba zai iya yanke hukunci da ido ɗaya ba. Likita ya ce ya koma bayan girbi a yi ɗayan, sannan zai duba.

“Za ka raka ni?”

Na ce zan duba yadda aikin gona ya kasance.

Luba ta ɗaga murya daga tsakar gida, tana yi wa mijinta magana. “Malam, in za shi, ku tafi da mafici.”