Ranar da Malama Adawiyya ta shigo gonata ba takalmi

Ranar wata Litinin, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, aka sako ruwan da muka yi mako uku muna jira. Kafin magariba ƙasa ta sha ta ƙoshi. Duk wanda ya taɓa riƙe sungumi a ƙasar Malumfashi ya san inda zai dosa da safe. Ni ma na sani, kuma sanin nan ne ya kusa kai ɗan mutane gidan gyaran hali, ba don Malama Adawiyya ba.

Adawiyya 'yar maƙwabcina ce, marigayi Malam Isah tela. Na san ta tun tana shigowa gidanmu ɗiban ruwa da ɗan bokitinta. Ta yi karatun malanta, ta koyar a firamare shekara tara, sannan ta koma ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. A can aka ba ta kula da samarin da laifi ya kai gaban alƙali, amma alƙali ya ga bai kamata a rufe su ba. Kowane yaro sai ta nemo masa dattijo mai sana'a ya riƙe shi, ita kuma tana zagayawa tana duba mu, mu da yaran duka. Mu bakwai ne a lokacin: maƙeri, mai faci, mai gyaran injin ban-ruwa, sauran manoma.

Da ta zo mini da maganar na ce, "Malama, ni fa karatuna na yaƙi da jahilci ne. Me zan koya wa ɗan wani?"

Ta ce, "Baba Mudi, ba karatu na ce ba. So nake in ya tashi da safe ya san inda za shi."

Ba ta faɗin ranar zuwanta. In ta zo kuma, wurin mai ƙosan bakin layi take fara tsayawa, kafin ta iso ka ta ji rabin labari. In ka ce mata yaro ya zama kamar waliyyi, sai ta ce, "To ba ka kallonsa ke nan, Baba. Faɗa mini ranar da ya ba ka haushi."

Wanda ta kawo mini sunansa Zaharaddeen, shekararsa goma sha bakwai, kakarsa ke riƙonsa. Babur ɗin wani ya hau ba izini, ya tafi Danja ranar kasuwa, ya afka cikin kwandunan tumatirin mutane. Alƙali ya ce ya yi wata shida a hannuna, kuma kowace Talatar farko ta wata ya bayyana a kotu ƙarfe tara. In ya saɓa ko sau ɗaya, sai gidan gyaran hali.

Wata huɗu muka yi lafiya. Yaron akwai surutu da son barci, amma hannunsa na da ƙarfi, kuma bai taɓa ɗaukar mini ko allura ba.

To Talatar da ta biyo bayan ruwan nan, ita ce ta farkon wata. Na fito da sungumi da ƙoƙon iri, yaron ya ce, "Baba, yau fa kotu."

Na ce, "Wace kotu ranar shuka? Shi alƙalin ba ya cin tuwo? Ɗauki dawar nan mu tafi."

Har ga Allah ba raini ba ne. Tun tasowata, ran da aka yi ruwan shuka biki ɗaga shi ake yi, kasuwa ba ta cika, ko suna a tsaitsaye ake yin sa. Na ɗauka kotu ma haka take.

Ina sara yana zuba iri yana takewa, mun ci wajen rabin gona, sai na ji babura biyu sun tsaya a bakin hanya. Na ɗaga kai na ga Malama Adawiyya tafe cikin caɓi, takalmanta a hannu.

"Baba Mudi, barka da aiki. Yau wace rana?"

"Ranar shuka."

"A takardar alƙali fa?"

Na ajiye sungumin. Ta ce an kira sunan yaron sau uku, har an fara rubuta takardar kama shi. Ita ta miƙe ta roƙi a saurara mata zuwa azahar. Zaharaddeen ya saki ƙoƙon, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce bari ya ruga gida ya yi wanka.

Ta ce, "Ba inda za ka. Haka za ka je, da taɓonka. Baba, kai ma hau."

A hanya na ce mata ko a ce ciwon ciki ne ya kama shi. Ta ce, "Baba, in na yi wa alƙali ƙarya yau, gobe in na ce masa wani yaron ya shiryu, da me zai yarda?"

Muka shiga kotu muna ɗigar da laka. Ta faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ta miƙa littafinta mai ɗauke da kowace ziyara ta wata huɗun nan. Alƙali ya daɗe yana buɗawa, sannan ya dubi yaron.

"Ka san yau ranar zuwanka ce?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Na faɗa wa Baba."

"Me ya hana ka tahowa kai kaɗai?"

"Ku kuka ce in bi maganarsa."

Alƙali ya juyo gare ni. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, laifina ne. Na zaci kai ma kana gona."

Aka kwashe da dariya, har ɗan sandan bakin ƙofa. Alƙali ya daure bai yi ba. Ya tambayi magatakarda ina masinjan kotu yau. Aka ce ya aiko matarsa ta ce ba shi da lafiya. Alƙali ya ce, "Haka ne. Irin ciwon nan da ruwan jiya yake zuwa."

Sannan ya ce ba zai rufe yaro don ya bi maganar wanda aka ce ya bi ba. Ya soke takardar. Ni kuma ya ce sauran zama biyun, da ƙafata zan rako shi, ko ana ruwan ƙanƙara.

Da muka fito na shirya shan faɗa. Sai ta ce, "Baba, da nawa laifin. Da rani na karanta maka takardar nan, ban yi tunanin damina ba." Daga shekarar ta roƙi kotu aka mayar da zaman yaranta bayan azahar muddin ana damina. Kuma duk ran da aka yi ruwa sai ta kira mu ɗaya bayan ɗaya a waya, har maƙerin da ba shi da gona.

Muka koma muka ƙarasa shukar da yamma. Zaharaddeen ya cika watanninsa shida, ya ƙara shekara biyu tare da ni don kansa. Bayansa ta kawo mini wasu uku. Biyu sun shiryu, ɗaya ya gudu Kaduna, har yanzu tana tambayar labarinsa.

Malama Adawiyya yanzu tana Funtua, tana kula da masu irin aikinta na ƙananan hukumomi huɗu. 'Ya'yanta uku. Duk Juma'ar ƙarshen wata tana zuwa Malumfashi gaida mahaifiyarta.