Saniyar Zilpha

A garinmu na 'yan cocin Mormon, bakin kogin Mississippi, kowa ya san asalin man shanun Zilpha Tuttle.

Shekarar da arzikin Asahel, dattijon cocinmu, ya karye, masu binsa bashi suka ce yana ɓoye dukiya. Ya yi maza ya kai wa Zilpha saniyarsa, ya rantse wa alƙali tuni ya ba ta kyauta saboda marayunta. Da shari'a ta ƙare sai ga shi da igiya.

"'Yar'uwa Zilpha, na zo karɓar ajiyata."

"Wace ajiya, Ɗan'uwa? Da kunnena na ji rantsuwarka. Ko mu koma gaban alƙali ka gyara?"

Ya naɗe igiyarsa. Har ya mutu, a wurinta yake sayen man shanu.