Ni da Ɗan Doka da Gawar Bature

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi aka tura ni Goronyo koyarwa a makarantar elementare. Ni mutumin Wurno ne, ban san kowa a garin ba. Matata kuwa tana gidan iyayenta wankan jego. Da damina ta kankama sai gulbin Rima ya cika ya shafe hanya, na zauna ni kaɗai a ɗakin da aka ba ni bayan makaranta. Idan yara suka watse, ba na jin motsin kowa sai na kwaɗi.

A cikin akwatin littattafan makaranta na tsinci wani littafin Turanci, bangonsa ya yage. Wai wani Baturen gona ne ya manta da shi da ya zo duba fadamar shinkafa. Labarin wani attajiri ne da aka tarar an kashe shi a ɗakinsa, ƙofa a kulle ta ciki, aka aiko sufeton 'yan sanda ya gano mai laifi. Turancin da na koyo a makarantar Midil ta Sakkwato bai kai ya kawo ba, saboda haka a hankali nake bin sa, da ƙamus a gefe.

Akwai wani tsohon ɗan doka da yakan biyo ta makaranta bayan la'asar ya sha inuwar itacen bedi. Shi ma baƙo ne a garin. Wata rana ya gan ni na duƙufa, ya ce, "Malam, mi kaka karatu haka ba ka ko ɗaga kai?"

Na ce, "Baba, kisan kai aka yi a Ingila."

Ya gyara zama. Tun daga ranar na riƙa karantawa da rana ina fassara masa da yamma.

Abin da ya fara damunsa shi ne ya dame ni. An bar gawa kwance ana auna ƙasa, ana duba tokar taba, ana tambayar kowa inda yake lokacin da agogo ya buga.

Ya ce, "To wanga mutum ba shi da dangi? Yaushe za a bisne shi?"

Na sake bin shafukan, ban ga inda aka yi masa sutura ba. Ba wanda ya zo gaisuwa. 'Yarsa ta yi kuka sau ɗaya, marubucin ma ya sa kukan cikin abin zargi. A ganina wannan ne babban aibin littafin: mamacin ba mutum ba ne, dalili ne kawai na tara jama'a a falo. Amma fa ba zan ƙi gaskiya ba, marubucin ya iya jan zare. Kowa ka kalla sai ka ga kamar shi ne.

Ɗan doka dai ya kafe a kan mai dafa abinci. "Kukun nan na, Malam. Ka ga mutum shina yawan rantsuwa ba a tambaye shi ba, riƙe shi." Ni kuma ina zargin ƙanen matar mamacin. Mukan yi gardama har a kira magariba, mu tafi masallaci muna yi. Ban taɓa jin daɗin zaman garin ba kamar a kwanakin nan.

Saura kaɗan mu gama aka mayar da ɗan doka Rabah. Da safe ya leƙo aji da jar hularsa da ƙunshin kayansa, ya ce, "In ka gano shi, ka aiko mini." Ya shiga jirgin fito ya tafi.

Ni kaɗai na ƙarasa. Ba kuku ba ne, ba kuma ƙanen matar ba. Likitan gidan ne, aminin mamacin, wanda suke cin abinci tare tun suna samari. Na ji haushi, don sai a shafin ƙarshe aka fito da wata kwalbar magani da ba a taɓa nuna mana ba. Wannan ba wayo ba ne, ɓoye ne. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne sufeton. Ya gama aikinsa, kowa ya yaba, ya hau jirgin ƙasa ya koma ɗakinsa na haya ya dafa wa kansa shayi. Duk tsawon littafin ba wanda ya tambaye shi lafiyar gida. Na rufe littafin na fita bakin ƙofa, na rasa wanda zan ce wa likita ne.

Da ruwa ya janye aka ba da hutu, na hau keke zan tafi Wurno ganin jaririna, sai na zarce Rabah tukuna. Na ishe ɗan doka ƙofar gidan hakimi, ya rame. Ya yi murna da ganina ƙwarai, ya sa aka damo mini fura. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ashe likita ne ya kashe Baturen nan."

Ya dube ni. "Wane Bature?"

Na fara tuna masa, ya ce, "Af, to, to. Allah shi kyauta." Sai ya shiga ba ni labarin ɗiyarsa da ke kwance da ciwon shawara, an kai ta asibitin Sakkwato, bai samu izinin bin ta ba. Na saurare shi har azahar, na yi mata addu'a. Muka yi salla tare, ya rako ni bakin kasuwa, na hau kekena na nufi Wurno.