Takardar da Na Ƙi Kaiwa

Ni ɗan cikin birnin Zazzau ne, a lungunan Ƙofar Galadima na tashi. Lokacin da wannan abu ya faru ban wuce shekara goma sha tara ba, kuma ba yabon kai ba, ni ne yaron da iyayen unguwarmu ke yi wa 'ya'yansu gori da shi. Babanmu maɗinkin babbar riga ne, a zaure yake wuni da allura da zare, ni kuma ina gefen tabarmarsa da littafi. Har yau in na tuna zauren nan sai in ji ƙamshin sabuwar shadda, da na kanumfarin da Inna ke cusawa a haƙorinta mai ciwo. Wannan haƙori shi ya sa mini son zama likitan haƙori. In ya motsa mata, sai ta ɗaure haɓa da kallabi ta ci gaba da tuƙin tuwo. Na sha yi mata alkawarin da hannuna zan gyara shi, ita kuma ta yi dariya da rabin baki ta ce Allah ya nuna mata ranar.

Ranar da sunana ya fito cikin waɗanda jami'a ta ɗauka karatun haƙori, gidanmu kamar ana suna. Maƙwabta na ta aiko da waina, tsofaffi na kirana Likita tun ban taka aji ba, ni kuwa kaina ya kumbura. Washegari wasu abokaina na sakandare suka ja ni unguwar Tukur-Tukur wai a yi murna. Suka zuba maganin tarin nan mai bugarwa a cikin lemo suka miƙo mini. Ba zan yi ƙarya in ce yaudarata aka yi ba, na san ko mene ne, kunyar a kira ni ɗan ƙauye ce ta sa na shanye. Bayan la'asar, da sauran rana, a bainar jama'a, aka gan ni a tsakiyar titi da takalmi ƙafa ɗaya ina ba motoci hannu. Da ɗan sanda ya zo, wai sai na ce ya buɗe baki in duba masa haƙora. A ofishinsu na kwana.

Baba ya kasa zuwa saboda kunya. Limamin unguwarmu, wanda a gabansa na yi sauka, shi ya taka da sandarsa ya karɓi belina. Ya rako ni tun daga can har ƙofar gida, kuma tafiyar nan ta fi mini bulala zafi.

To, cikin takardun da ake kaiwa wajen tantancewa akwai shaidar kyawun hali daga limami ko mai unguwa. Na je na durƙusa gaban Malam, limamin nan namu, na roƙa. Ya ce zai rubuta, amma ba zai shaida cewa bai taɓa sanina da wani aibu ba, don da idonsa ya gani. Ya sa aka buga takarda mai cewa ya san ni tun ina yaye, sau ɗaya tak na yi tuntuɓe, kuma shi ya tsaya mini. Ya sa hannu yadda ya saba, da alƙalamin kara da tawada, cikin ajami. Maimakon in gode, sai na ji haushi, gani nake tsohon nan ya tona mini asiri. Na cusa takardar a akwatin Inna, na tafi unguwar Kongo wani shagon buga takardu aka tsara mini wata mai cike da yabo, na zana sunan Malam a ƙasa da biro.

Abin da na manta shi ne, a Zazzau kowa ya san kowa. Jami'in da ke tantance mu dattijo ne ɗan birni. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tambaye ni tun yaushe Malam ya koma riƙe biro. Ashe shekaru ya yi yana ɗaukar karatu a zauren Malam. Da ya matsa, na fashe da kuka na faɗi komai. Ya ce da ta gaskiyar na kawo, da ya shige mini gaba, iyaka a gwada ni a ja mini kunne, don yaron da Malam ya tsaya wa ba a mayar da shi gida. Amma takardar bogi ba ta da magani a wurinsu. Aka soke gurbina, ni kuma zuciyata ta mutu, ban sake neman wani ba.

Yau ni ke zaune a kan tabarmar Baba da allura da zare, kuma alhamdu lillahi ina rufa wa kaina asiri. Malam ya rasu ban taɓa iya haɗa ido da shi ba. Bara na kai Inna asibiti aka cire haƙorin nan, kuma wanda ya cire ɗan ajinmu ne da nake koya wa lissafi. Da muka dawo gida, ta buɗe akwatinta ta miƙo mini takardar Malam a naɗe cikin tsumma, tawadar ko dusashewa ba ta yi ba. Har lokacin bakinta cike yake da auduga.

Na koyi cewa kwalbar maganin tarin nan ta kayar da ni, amma ƙaryar da na ɗora a kai ita ta hana ni tashi. Ƙannena masu shirin shiga jami'a, ku guji abin da za a miƙo muku da sunan murna. In kuma ƙaddara ta sa kun faɗi, har wani babba ya yarda ya tsaya muku a kan gaskiya, don Allah ku kai takardarsa yadda ya rubuta ta.